ROKAR RUWA: WASAN YARA MAI KOYAR DA ILMI

Lacca ga iyaye da malaman makaranta na ƙasar Gaya da Ajingi



  Ina neman gafara tun da fari, domin ni yaro ne a gabanku, aikin ofis ne ya tsai da ni a nan, ba fin sani ba.

Abin da zan yi magana a kansa yau wani wasan yara ne, wanda a ke kira rokar ruwa. Na san wani zai ce a ransa, ga taki ya yi tsada, ga rijiyoyi suna janyewa da rani, sai kuma a tara dattawa domin wasan yara? Ina roƙo a yi mini haƙuri a ji ni zuwa ƙarshe. A cikin wasan nan akwai abu biyu masu girma, watau lafiyar idon 'ya'yanmu da kuma ilminsu.

ABIN DA NA GANI

Kwanan baya, ina cikin rangadi, na ratsa ta wani ƙauye da la'asar, sai na tarar da yara wajen goma a fili bayan makaranta. Sun kifa gorar lemo ta roba, bakinta yana kallon ƙasa, da ruwa a ciki, wani kuwa yana ta buga mata iska da famfon keke. Ban ankara ba sai na ji fat! Gora ta tashi sama ta wuce tsayin kukar da ke wurin, ruwa ya wanke wanda ke kusa, yara suka ɗau sowa. Can sai ga wani dattijo da tsumagiya, ya tarwatsa su, yana cewa wasan banza ne, za su tsone wa juna ido.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga dattijon nan yana da gaskiya ta wani gefe. Da idona na ga wani ƙaramin yaro ya sunkuya bisa gorar yana leƙenta, alhali kuwa ana cikin buga iska. Da ta tashi a wannan lokaci, da labari ya sha bamban. Amma fa wasan ba na banza ba ne. Abin da yaran nan suka yi da gora da famfo, shi ne darasin da a ke koyarwa a makarantun kimiyya na ƙasashe da yawa. Abin da suka rasa kurum shi ne babba mai tsayawa a kansu. Saboda haka abin da na zo roƙo ke nan: kada mu hana, kada kuma mu sake musu. Mu tsaya a kai.

ABIN DA KE TASHIN TA

Ba tsafi a ciki, ba wuta, ba albarushi. Abu uku ne kaɗai, gora da ruwa da iska. A kan zuba ruwa ya kai kashi ɗaya cikin uku na gora, a toshe bakinta, a kifa ta, sa'an nan a yi ta tura iska ta cikin abin toshin. Iskar nan ba ta da mafita, sai ta taru a saman ruwan tana matsuwa, kamar yadda ta ke matsuwa cikin taya. In ƙarfinta ya kai, sai ta ture toshin, ta fesar da ruwan ƙasa gaba ɗaya. Ruwa ya yi ƙasa, gora ta yi sama.

To, me ya sa gora ta ke yin sama? Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a kogin Wudil ya san amsa. In mutum ya yi tsalle daga cikin kwalekwale zuwa gaɓa, kwalekwalen ya kan ja baya. Maharbi kuma ya sani, in ya harba bindigar toka, harsashi ya yi gaba, gindin bindiga ya kan doki kafaɗarsa. Wani masani na Ingila, Ishaku Newton, shi ya rubuta wannan ƙa'ida cikin littafin da ya fitar a 1687. Ma'anarta a taƙaice ita ce, duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka, amma ta ɗaya gefen. Gora ta tura ruwa ƙasa, ruwa kuma ya tura gora sama.

A nan akwai kuskuren da mutane da yawa su kan yi. Su kan zaci ruwan ne ya ke dukan ƙasa, ƙasa kuma ta tura gorar. Ba haka ba ne. Ko da an rataye ta bisa bakin rijiya mai zurfi, za ta tashi. Wannan ne dalilin da ya sa manyan rokoki su ke iya tafiya a can sararin samaniya, inda babu ƙasa, babu ko iskar da za su dogara a kai. Su mai su ke ƙonawa, su fesar da hayaƙi mai zafi ta baya, mu kuwa ruwa mu ke fesarwa. Ƙa'idar guda ce.

Wani zai tambaya, me ya sa sai an zuba ruwa, tun da iska ce mai ƙarfin? Dalili shi ne nauyi. Lita guda ta ruwa nauyinta kilo guda ne, amma lita guda ta iska ba ta fi giram ɗaya da 'yan kai ba, watau ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. In kana tsaye cikin kwalekwale ka jefar da tafin auduga, ba za ka ji ya motsa ba, amma in ka wurgar da babban dutse za ka ji. Gora mai iska zalla ta kan ɗan yi tsalle ta faɗo. In kuma aka cika ta da ruwa, ta yi nauyi, iska kuma ba ta sami wurin taruwa ba. Shi ya sa a kan tsaya wajen sulusi.

Ruwan duka ya kan fice kafin rabin daƙiƙa, a wannan ɗan lokaci kuwa gora ta kan kai gudun mota bisa kwalta. Wadda aka haɗa da kyau ta kan yi mita 30 ko fiye a sama. Ku riƙe wannan magana ta gudu, domin ita ce tushen dokokin da zan kawo.

YADDA A KE HAƊA TA

Kayan aiki duka suna nan cikin garuruwanmu. Ana bukatar gorar lemo mai gas guda biyu, da famfon keke, da bawul na tsohon tub wanda a kan samu wajen mai faci, da siririn tiyo mai tsawon taki biyar ko fiye, da kwali, da salatif, da almakashi.

Gora ta fari ita ce cikin roka. Ita ba a yanka ta, ba a huda ta, ba a kusantar da ita ga wuta. Gora ta biyu a yanke kanta, a kifa shi bisa gindin ta farin, a ɗaure da salatif, ya zama hancin roka. A cikin hancin nan a sa ɗan curin laka mai taushi a naɗe da tsumma. Amfaninsa kuwa maharba sun san shi: kibiya tana tafiya sak ne domin ƙarfen da ke kanta ya sa gabanta ya fi bayanta nauyi. Roka marar nauyi a hanci sai ta yi ta wuntsilawa.

Sa'an nan a yanka fikafikai uku ko huɗu na kwali, girmansu ɗaya, a manna su kusa da wuyan gora, tazararsu daidai. Aikinsu irin na wutsiyar tsuntsu ne, suna daidaita tafiya. Abin toshi kuma a kan yanke shi daga tsohon silifa mai kauri ko wata roba, yadda zai shiga bakin gora da ƙyar. A huda tsakiyarsa a zura bawul, a haɗa bawul da tiyo, a haɗa tiyo da famfo. Daga nan a kafa turaku uku a ƙasa, a ɗora roka a tsakaninsu hancinta yana kallon sama, mai famfo ya koma can ƙarshen tiyo ya soma bugawa. In iska ta isa, toshin zai fita da kansa.

DOKOKI GOMA

Rigakafi ya fi magani. Ina roƙon malamai su rubuta waɗannan bisa allo, yara su haddace su kafin a taɓa famfo.

1. Ba a yin wasan nan sai da babba a wurin, malami ko uba ko wa mai hankali. Shi ne mai ba da izinin buga iska, shi ne kuma mai cewa a tsaya.

2. Kwalbar gilashi haram ce a wannan wasa. In ta fashe, tarwatsewa ta ke yi kamar harsashi. Haka kuma gorar ruwan sha marar kauri ba ta dace ba, domin ba a yi ta don ta jure matsi ba. Gorar lemo mai gas kaɗai a ke so, ita ma sai wadda ba ta da tsaga, ba ta lotse ba, ba ta daɗe a rana ba.

3. Gorar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko kananzir, ko maganin feshi na gona, kada a taɓa ta. Ruwan roka fantsama ya ke yi a fuska da baki.

4. Ruwa da iska kaɗai a ke sawa. Na ji wasu yara su kan jefa kabayid cikin gora, irin wanda masu walda ke aiki da shi, su zuba ruwa su toshe. Wannan ba roka ba ce, nakiya ce, gama iskar da kabayid ke fitarwa tana kama wuta. Wanda ya ga yaro da shi ya karɓe nan take.

5. Da famfon hannu a ke bugawa. Kada a kai gora wajen injin mai faci. In famfo yana da ma'auni, kada a wuce 60 a irin lissafin masu faci, watau kusan ninki biyu na iskar tayar ƙaramar mota.

6. Da zarar an soma buga iska, ba mai sunkuyawa bisa roka, ba mai riƙe ta a hannu. 'Yan kallo su koma baya taki 15, ƙanana a bayan manya. Ido ba shi da na canji a kasuwa.

7. In an buga iska roka ta ƙi tashi, kada kowa ya ruga ya duba. A saki iskar ta wajen famfo tukuna, a ga gora ta yi laushi, sa'an nan babba ya matsa.

8. Ba a sa ƙusa, ko dutse, ko ƙarfe mai tsini a hanci, ba a kuwa auna mutum ko dabba ko gida da ita, ko da wasa. Abin da ya hau sama sai ya sauko, kada kuma a ce za a cafe ta.

9. A nemi fili mai faɗi, nesa da wayar lantarki, da hanyar mota, da kasuwa, da garken shanu. In roka ta maƙale bisa waya, a bar ta nan, ta zama ta waya. In iska tana kaɗawa da ƙarfi, kamar yadda ta kan yi da hunturu, a bari sai ta lafa.

10. Kafin a soma a sanar da mai unguwa. Zamanin nan mutane suna cikin ɗar-ɗar, ƙara kaɗan ta kan firgita unguwa. In maƙwabta sun san abin da a ke ciki, sai su zo kallo maimakon su yi gudu.

Akwai kuma maganar ruwa. Na san wahalar da a ke sha kafin a kawo shi gida da rani. Rabin lita ya ishi tashi guda, ruwan da aka gama ɗauraya da shi kuwa ya wadatar, ba sai an taɓa randa ba. Amma kada a tura yara su shiga kududdufi ɗiba, domin a irin wannan ruwa a ke kamuwa da tsargiya. Ku kuma yara, gorunan da iyayenku mata suka tara domin zoɓo da kunun aya jarinsu ne, sai kun roƙa an ba ku. In an gama wasa a tsince robobi da kwalaye, kada a bar wa akuya ta ci.

YADDA WASA KE ZAMA KARATU

Yanzu na juyo gare ku malaman makaranta. In yara suka harba roka suka yi sowa suka watse, sun yi nishaɗi, ba laifi. Amma abin da ke mai da shi ilmi shi ne awo da rubutu. Ga hanya mai sauƙi wadda ba ta bukatar ko kwabo.

A sami takarda mai kusurwa huɗu, tsawonta daidai da faɗinta, a ninke ta daga kusurwa zuwa kusurwa. Za ta zama mai kusurwa uku, gefenta biyu daidai, ɗaya kuma dogo. Yaro ya riƙe ta a ido, gefe guda a kwance daidai da ƙasa, ya dubi sama ta bin dogon gefen. Ya yi ta ja da baya har ya ga ƙololuwar bishiya ta zo daidai bakin takardar. To, nisan da ke tsakaninsa da gindin bishiyar, in an ƙara da tsayinsa shi kansa, shi ne tsayin bishiyar. A fara gwadawa da giginya ko hasumiyar masallaci har yara su gane. Ranar tashin roka sai a jera yara huɗu ko biyar, wannan a mita 10, wannan a mita 20, wannan a 30, har zuwa 50, ko wanne da takardarsa. Wanda ya ga roka ta tsaya da hawa daidai bakin takardarsa, shi ya san tsayin da ta kai, muddin ta tashi sak.

Sa'an nan a yi gwaji. A zuba ruwa rubu'in gora a harba sau uku, a rubuta. A zuba sulusi a harba sau uku, a rubuta. A zuba rabi a yi haka. Kada malami ya faɗi amsa, ya bar yara su gano da kansu. Wata rana a sāke yawan fikafikai, wata rana nauyin hanci, wata rana a karkata roka a ga ta wace karkata ce ta fi yin nisa. Sharaɗi ɗaya ne: abu guda a ke sākewa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya kawo bambanci ba. Abin da aka gani kuma shi a ke rubutawa, ko da bai yi daɗi ba. Yaron da ya saba rubuta gaskiyar awo tun yana ƙarami, shi ne za a amince wa da awon magani ko awon gada in ya girma.

Akwai wasu abubuwa biyu da ya kamata a nuna musu. Bayan an gama bugawa, su taɓa gindin famfo, za su ji ya yi ɗumi, domin iska in an matse ta zafi ta ke yi. In roka ta faɗo kuma su duba cikinta da sauri, sau da yawa za su ga ɗan hazo fari, domin iska in ta sake farat ɗaya sanyi ta ke yi, raɓar da ke cikinta ta bayyana. Ta haka ne gajimare ke haɗuwa a sama da damina. Ga darasin hadari a cikin gorar lemo.

Kada a ware 'yan mata. Yarinyar da ta iya auna gero da mudu, ta kuma iya lissafin cinikin talla ba ta ɓata ba, ta iya riƙe littafin awo, ta iya yanka fikafikai, ta iya buga famfo.

ƘASAR KANO DA SARARIN SAMANIYA

Wataƙila wani zai ce, mu ina ruwanmu da roka, aikin Turawa da Sinawa ne. To, bari in ba ku tarihi kaɗan, wanda dattawan da ke nan wasunsu sun ji shi da kunnensu a rediyo.

Ran 4 ga Oktoba 1957 Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na farko, mai suna Sputnik. A watan Afrilu 1961 mutuminsu Yuri Gagarin ya kewaya duniya cikin kumbo. Amurka kuma da ta tashi aika nata mutane, sai ta ga tana bukatar tashoshi a wurare dabam dabam na duniya, waɗanda za su riƙa bin sawun kumbo suna jin lafiyar wanda ke ciki. Ɗaya daga cikin tashoshin nan a nan ƙasar Kano aka kafa ta, wata kuma a Zanzibar. Ran 20 ga Fabrairu 1962, sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku cikin kusan awa biyar, tashar Kano tana cikin masu sauraronsa. Tashar ta daɗe da rufewa, amma tarihi bai manta ba.

Haka kuma ran 23 ga Agusta 1963, Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy na Amurka ta wayar da ta bi ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2. Wannan ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi magana ta irin wannan hanya, ɗayansu kuwa ɗan Arewa ne, tsohon malamin makaranta.

A 1999 Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, wadda a ke kira NASRDA. A watan Satumba 2003 aka harba tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, daga ƙasar Rasha. A 2007 aka harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin, na sadarwa, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa da wani a Disamba 2011. A watan Agusta 2011 kuma aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun nan kuwa injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu sa'ad da su ke koyon aiki a Ingila. Amma ku lura da abu guda: duka waɗannan da na lissafa, rokar wasu ce ta ɗauke su, muka biya kuɗin dako.

Amfanin taurarin ɗan'adam kuwa ya iso har zaurukanmu. Hasashen damina da a ke karantawa a rediyo yana dogara da hotunan gajimare da su ke ɗaukowa. Kwanon talbijin da matasa ke kallon ƙwallo da shi, da taswirar da ke cikin wayar direba, duk ta wajensu su ke zuwa. Ashe ke nan muna cin moriyar roka ko da ba mu sani ba.

Kada kuma a raina ƙaramin farko. Ran 16 ga Maris 1926, wani malami Ba'amurke, Robert Goddard, ya harba roka ta farko mai aiki da mai na ruwa-ruwa, a cikin wata gona. Tsayin da ta kai bai wuce mita 12 da rabi ba, ta faɗo bayan daƙiƙa biyu da rabi. Gorar da na gani a bayan makarantar ƙauyen nan ta fi ta hawa. Amma shekara 43 bayan haka, a 1969, mutum ya taka wata. Rokar ruwa ita kanta an kai ta nesa: a 2015 ɗaliban Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu suka harba wata ta kai mita 830, da ruwa da iska kurum. Da rarrafe yaro kan tashi.

GADON GAYA

Ranku ya daɗe, ku kuka fi ni sanin abin da zan faɗa. Masu tarihi sun ce Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala suna neman tama, daga Gaya suka tashi, ana kuma cewa sunan babbansu ne ya bi birnin Kano. Mutanen nan ba su da littafin kimiyya, amma sun san yadda a ke matse iska cikin zuga-zugi har dutse ya narke ya ba da ƙarfe. Sun san shi ne ta gwaji, da lura, da tsayawar uba bisa kan ɗansa a maƙera. Ba maƙerin da ke korar ɗansa daga maƙera don akwai wuta, ba kuwa wanda ke barinsa shi kaɗai da ita. Ya kan zaunar da shi kusa, ya nuna masa inda a ke kamawa da inda ba a taɓawa. Abin da na ke roƙo ke nan game da gora da famfo.

Hanya kuma ba ta da nisa. Tun 1977 aka buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, sun kuwa fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan a Wudil, a bakin ƙofarmu, wadda ta soma aiki a 2001, yanzu tana ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Kujerun da ke cikinta ba a rubuta sunan 'ya'yan birni a kansu ba. Amma yaro ba ya son lissafi rana ɗaya a ɗakin jarrabawa, sai in wani abu ya ja ransa tun yana ƙarami. Makarantunmu da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, wannan kowa ya sani, ba kuwa za mu daina roƙon a gina ba. Kafin a gina, ga ɗakin gwaji nan wanda rufinsa sama ne, kayansa kuma suna kan juji.

Saboda haka ga roƙona. Shugabannin makarantu su keɓe yamma guda a mako, su sa malami guda ya riƙe abin. Iyaye masu keke su ba da aron famfo, masu faci su taimaka da tsofaffin bawul. Masu unguwanni su nuna filin da ya dace, musamman bayan kaka, in an kawar da gero da dawa gonaki sun zama sarari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 4 zuwa 10 ga Oktoba na ko wace shekara domin makon sararin samaniya, tun 1999. Ba abin da zai hana makarantun Gaya da na Ajingi su soma shiri a wannan mako, sa'an nan su haɗu su gwada, in amfanin gona ya shiga rumbu. A ranar kuwa kada a ba da kyauta ga wanda rokarsa ta fi hawa kaɗai. A ba wanda littafin awonsa ya fi tsabta, a kuma ba ƙungiyar da ta fi kiyaye dokoki goman nan.

Dattijon nan mai tsumagiya kuma, in yana cikin taron nan ko labari ya kai gare shi, ina gaishe shi. Tsoron da ya ji wa idon yara tsoro ne na uba. Irinsa mu ke nema ya zama mai tsaron fili, ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ce ba mai ƙetare nan sai roka ta tashi.

 Inda na yi kuskure a gafarce ni, a kuma gyara mini. Allah ya raya mana zuriya, ya kiyaye su, ya ba su ilmi mai amfani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.